Hannun Mai Jira

Shafi na 19

Masu cika mini waya da zagin Sabatino, sannunku da aiki, duk na gani. Ku nemi wuri ku zauna, na yau ba a tsaye ake karanta shi ba.

* * *

Velia ba ta tsaya shan kofi ba.

Har bakin ƙofa Mamma ta biyo ta, ta riƙe mata gefen riga.

"Ba za ki ɗan zauna ba? Ga shi na ɗora kofin."

"Yanzu zan dawo, Mamma. Zia kawai zan leƙa."

"Ki sha tukuna mana. Ba ki ga rana ba?"

"Ki ajiye mini nawa."

Ta zame rigarta ta gangara matakalar layin. Zuciyarta ba daɗi. Ita dai ta san ta yi ɓarna a teburin nan, amma ko za a yanka ta ba ta san wace iri ba ce.

Abin kuwa ba wani abu ba ne. Da sassafe, kafin a buga ƙararrawar coci, ta fita miƙe ƙafa kamar yadda ta saba a Torino, birnin da take zaune. Sai ta ga farin hankici ɗaure a hannun Mai Jira, mutum-mutumin matar nan ta dutse da ke tsaye a dandali tana kallon hanyar gangare. Ta matsa ta duba, ta ga zangarniyar alkama uku da jan zare a gefensa. Ɗinkin gidansu ne, ko a mafarki ta san shi. Ta ce a ranta na yayarta Clorinda ne ya faɗi, wani ya tsinta ya rataya. Ta kwance ta jefa a aljihu.

Da rana aka haɗu cin abincin Lahadi a gidan iyayensu. Mamma ta ci ado da rigarta mai dogon hannu duk da zafin nan, ta fito da kofunan aurenta kaf ta jera a kan kabad, har Velia ta tsokane ta ko biki za a yi ba a gaya musu ba. Ana tsakiyar cin taliya Velia ta zaro hankicin tana dariya, ta kaɗa shi a gaban yayarta.

"Ga sarkin yar da kaya. Tsaya ki ji inda na tsinto miki."

Tana faɗin wurin, falon ya yi tsit. Cokali ya suɓuce daga hannun Mamma. Clorinda ta watsa mata wani kallo da ba ta taɓa yi mata irinsa ba. Mijin Clorinda, Sabatino mahauci, mai muryar da ake ji daga ƙarshen layi, ya ci gaba da tauna yana bin su da ido. Papa ne ya miƙo hannu cikin sanyin nan nasa.

"Kawo in gani, 'yar albarka."

Ya duba, ya ninke shi a hankali, ya sa a aljihun gaba, ya ce a miƙo masa cuku.

Shi ke nan fa. Ba wanda ya ƙara tayar da zancen har aka watse.

* * *

Zia Erminia, yayar Papa, tana zaune a kicin ɗinta tana ɓarar wake, ƙafa ɗaya a miƙe kan 'yar kujera.

"A'a, 'yar Torino. An tuna da masu ciwon gwiwa?"

"Zia, tambaya na zo yi."

"Ai na sani. Ke ba kya zuwa da tsaraba, sai da tambaya."

"Me ake nufi idan aka ɗaura hankici a hannun Mai Jira?"

Hannun tsohuwar ya tsaya cak a cikin kwanon.

"Wa ya gaya miki wannan zancen?"

"Ba wanda ya gaya mini. Gani na yi."

"Yaushe?"

"Yau da safe."

"Ƙarya kike. Na bi ta dandali da na fito daga coci, babu komai a hannunta. Tun kafin a haife ki nake duba hannun nan kowace safiya, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Ba a yau zan fara makanta ba."

"Ai na riga ki, Zia. Na cire shi."

Zia ta sauke ƙafarta daga kujerar. Ta ajiye kwanon waken a ƙasa kamar wanda zai fashe.

"Rufe mini ƙofar nan."

Velia ta rufe.

"Da tagar."

Ta rufe.

"Zauna. Me kika sani game da matar nan?"

"Abin da kowa ya sani. Sunanta Splendora. Mijinta makiyayi ne, ya gangara da tumaki ƙasar sarari a farkon sanyi kamar yadda mazan da suke yi, bai dawo ba. Ta yi ta tsayawa a bakin hanya tana miƙa hannu har ta mutu. Ba shi ne aka rubuta a jikin dutsen ba? Amare ma a gindinta suke ɗaukar hoto."

"Wannan na maza ne da baƙi masu kyamara."

"To akwai wani ne?"

"Tashi tsaye. Miƙo mini hannu kamar kin hango wanda kike so ya dawo daga tafiya."

Velia ta tashi, ta miƙa hannu, tafinta na kallon sama.

"Yauwa. Yanzu yi mini irin nata."

Velia ta rufe ido ta tuno. Kullum ta gabansa take wucewa tana yarinya, a kafaɗarsa take hawa ta zauna har mai shara ya kore ta. A hankali ta juya hannun. Yatsu suka kalli sama, tafin ya kalli gaba.

Ta buɗe ido ta kalli hannun.

"Wannan ai ba kira ba ne."

"To mene ne?"

"Tsaya nan ne. Kada ka matso."

"Allah ya yi miki albarka. Karatun birni bai cinye kan duka ba. Yatsunta nawa?"

"Uku. Girgizar ƙasa ce ta karya biyun."

"Girgizar ƙasa." Zia ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Girgizar ƙasar nan mijinta ne, sunansa Panfilo, kuma da ƙafa biyu yake tafiya. Haka aka sassaƙa ta, 'yar nan. Yadda hannunta yake a raye, haka aka yi shi a dutse."

Velia ta koma ta zauna.

"Mijin ba ɓata ya yi ba, dawowa yake yi," in ji Zia. "Matan garin nan duk suna ƙirga kwanaki ƙanƙara ta narke mazansu su hawo, ita kuwa tana roƙon Allah ya ƙara sanyi. Ya dawo da tumaki, ya dawo da sanda. Kowa yana ji, kowa yana rufe tagarsa, wai tsakanin miji da mata sai Allah. Ranar da ya matse mata yatsu da ƙofa, da asuba ta zo bakin famfon dandali ta wanke hankicinta, jinin ya ƙi fita. Ta rataya shi a kan ƙaya ta tafi, ba ta ce wa kowa komai ba."

"Sai aka yi yaya?"

"Mai gasa wa gari burodi ce ta fara gani. Ta gane ɗinkin. A lokacin kowane gida da alamarsa, uwa ta ba 'ya, 'ya ta ba jika. Ta kwance shi, ta bi gida-gida tana nunawa. Kafin rana ta take, mata sun shiga gidan Panfilo, kowacce da kujerarta da abin kaɗinta. Suka zauna."

"Suka yi masa duka?"

"Da me? Da mazari? Zama kawai suka yi. Ba wadda ta zage shi, ba wadda ta amsa gaisuwarsa. Ya shiga ɗaki suna nan, ya fito suna nan. Ya kwana ya tashi suna nan, waɗansu su tafi ba yara abinci waɗansu su karɓe su. Ba a gasa masa burodi, ba a ɗebo masa ruwa, ba a wanke masa riga. Mazansu suka zo kiransu, suka ce ba mu gama gaisuwa ba. Namiji yana iya faɗa da namiji. Amma ido talatin da ba sa ƙiftawa, wa zai iya da su?"

"Ya tafi?"

"Da ƙafarsa. Ta raka shi har bakin hanya ta ɗaga masa abin da ya rage na hannunta. Bayan ta rasu mata suka tara ulu da cuku suka ba masassaƙi. Da maza suka tambaya, aka ce musu ai matar kirki ce mai jiran miji." Zia ta taɓe baki. "Daɗi ya kashe su. Har su suka yi karo-karo aka kafa ta a dandali."

Da wani lokaci ne da Velia ta yi dariya. Ban da yau.

"Me ya sa ni ban sani ba?"

"Safiyar aure ake faɗa, uwa ga 'ya, lokacin da take gyara mata lulluɓi. Ke kin yi auren ne? Ke da kika ce mazan garin nan duk warin tumaki suke."

"Kuma har yanzu ana yi?"

"An daɗe ba a yi ba. Mace ba ta ɗaura abin nan sai ta kai maƙura, sai ta ga in ba ta ɗaura ba gawarta za a fitar. Kuma ba kowa ke kwancewa ba. Wadda ta kwance ta ɗauki alkawari ke nan. Mai shi in ta waiwayo ta ga babu, ta san an gani, ta san muna tafe."

Velia ta ɗora hannu biyu a ka.

"Na shiga uku."

"Ba ki shiga ba tukuna. Wane ɗinki ne a jiki?"

"Zangarniyar alkama uku. Jan zare."

Zia ta ƙura mata ido.

"Na gidan uwarki."

"Na Clorinda ne, Zia. Dama na sani. Na rantse dama na sani, tun ranar auren mutumin nan bai kwanta mini ba. Mutum kullum hannunsa cikin jini, magana kamar faɗa, dariya kamar faɗa. Kuma ni da hannuna na zaro shi a gabansa a kan tebur."

"A kan tebur?"

"Ana cin abinci."

"Gaban kowa?"

"Gaban kowa."

"Ina hankicin yake yanzu?"

"Papa ya karɓa ya sa a aljihu."

Zia ta lalubo sandarta ta miƙe, ko takalmin fita ba ta canja ba.

"Mu je gidan Clorinda," ta ce, muryarta ta canja.

* * *

Lokacin barcin rana ne, gari duk tagogi a rufe. Velia ba ta jira Zia da gwiwarta ba. Ta tura ƙofar gidan yayarta ba sallama.

Clorinda tana goge tebur. Sabatino yana kwance kan doguwar kujera da singileti, jarida a kan fuskarsa, yana jan minshari.

Velia ta cafki hannun yayarta ta yaye hannun rigar har kafaɗa.

"Ke, lafiyarki?"

"Ɗaya hannun."

"Sake ni. Velia, kin sha wani abu ne?"

"Juya in ga bayanki."

Sabatino ya ture jaridar ya tashi zaune yana mutsuka ido.

"Me kuma ya faru? Gobara ake?"

"Kai, kada ka kuskura ka matso kusa da ita."

"Da wa? Da matata?"

"Na san komai. Zia ta gaya mini komai. Tun yaushe kake dukanta?"

Sabatino ya buɗe baki ya kalli Velia, ya kalli matarsa.

"Ni? Ni nake dukan wannan? Wannan da ta hana ni gishiri tun bara, nake cin miya lami ina cewa na gode?"

"Duk haka kuke cewa."

"Clorì, gaya mata wa ya jefi wani da ludayi ranar Talata."

"Yi mana shiru," in ji Clorinda. Ta fizge hannunta, ta juyo kan ƙanwarta, idanunta sun kaɗa. "Ke har kina da bakin shigowa gidana? Bayan abin kunyar da kika yi? Ki ɗauki abin da mata suka mutu a kansa ki mayar abin wasa a kan tebur. Ban san wa ya tsegunta miki ba, amma ko ba ki da hankali ai kin ga fuskar Mamma."

"Wane wasa? Naki ne na tsinto."

"Nawa? Naki dai. Wanda Mamma ta ba ki ranar da za ki tafi."

"Nawa yana Torino, a ƙasan akwati. Ban taɓa ko buɗe shi ba."

"Ƙarya ne."

"Me zan ci da ƙarya? Ke ce kike rufa masa asiri."

Clorinda ta juya. Ta shiga ɗaki, aka ji tana jan durowa da ƙarfi, ta fito ta jefa wani abu a kan tebur.

Farin hankici ne, a ninke, har ya yi shatin daɗewa. Zangarniyar alkama uku da jan zare.

"Ga nawa. Tun ranar aurena yake inda na sa shi."

Velia ta kalli hankicin. Ta kalli yayarta. Kanta ya ɗaure.

Zia Erminia ce ta shigo tana haki, ta jingina da ƙofa. Ta ga abin da ke kan tebur, ba ta yi mamaki ba. Irin kallon wanda ya roƙi Allah a hanya kada ya tarar da abin da ya san zai tarar ne.

"Guda nawa ne masu wannan ɗinkin a garin nan?" ta tambaya.

"Biyu," in ji Velia. "Nawa da nata."

"Uku," Clorinda ta faɗa, da ƙyar aka ji ta.

"Giovina ta fito da kofuna yau?" in ji Zia.

Velia da Clorinda suka kalli juna.

"Da ku nake. Uwarku ta fito da kofuna?"

"Na aurenta," in ji Velia. "Duka. Me ya haɗa kofuna da wannan?"

"Mai shi in ta ga an kwance, gida take komawa ta share, ta sa rigar kirki, ta jera kofuna, don ta san baƙi na tafe." Zia ta runtse ido. "Tun safe baiwar Allah nan take jiranmu."

Clorinda ta zame ta zauna a ƙasa.

"A'a," in ji Velia. "A'a, Zia. Papa fa? Papa da ko kaza ba ya iya yankawa? Papa da ke karanta Littafi a coci? Ko tsawa bai taɓa yi mana ba."

"An bar jaki ana dukan taiki," Sabatino ya faɗa, a karon farko a hankali. Ya dubi matarsa. "Na gaya miki tun bikin Ista. Ta zo sayen nama ta miƙo hannu na ga wuyan hannun. Na ce miki matakala ba ta barin shatin yatsu. Kika ce in tsaya a kan namana."

"Ta ce zamewa ta yi."

"Sau nawa mutum ɗaya zai zame a matakalar gidansa?"

"Amma a gidan muka girma," Velia ta ce, hawaye na sauka. "Da mun ji. Clorì, da mun ji ko sau ɗaya."

Clorinda ta ɗago kai. Fuskarta ta yi fari fat.

"Rediyo," ta ce.

"Me?"

"Kin tuna? Sai ya ce mu fita dandali mu yi wasa. Muna fita ya ƙure rediyo, har daga bakin famfo muna jin kiɗan. Ke har rawa kike yi. In mun dawo Mamma tana kwance, wai ciwon kai."

Velia ta tuna. Kaico, ta tuna tsaf. Ta tuna har alewar da yake ba su su riƙe a hannu.

Ta yi maza ta kama wata 'yar igiyar da ta rage mata.

"To amma bai san ma'anarsa ba. Zia, kin ce labarin na mata ne. A wurinsa hankici ne kawai."

"Maza ba su sani ba," in ji Zia, "sai wanda aka taɓa zama a gidansu."

"Ban gane ba."

"Na ƙarshe da aka ɗaura a hannun nan kafin yau, na uwarmu ne, ni da ubanku Ottavio. Yana ƙarami ya laɓe ƙarƙashin tebur yana kallon ƙafafun mata har ubanmu ya ɗauki jakarsa ya fita. Ni na gode wa Allah. Shi kuwa bai taɓa yafe wa uwarmu ba." Muryarta ta karye. "Na zaci wanda ya ga haka da idonsa ba zai taɓa ɗaga hannu ba. Kullum ina duba hannun dutse, ban duba gidan ƙanena ba."

"Ke nan da na zaro shi..."

"Ya gane. Tun kafin ki rufe baki ya gane."

"Kuma muka watse muka bar ta da shi," in ji Clorinda.

Velia ta ji gefen rigarta inda Mamma ta riƙe. Ki sha tukuna mana. Ba ki ga rana ba?

Ta yi hanyar ƙofa. Zia ta tare ta da sanda.

"Ba a zuwa mutum ɗaya. In kika je ke kaɗai, zai yi miki murmushi, ita kuma ta ce miki ba komai, gobe ki koma Torino. Ɗauki kujera."

"Zia, wace kujera? A kira 'yan sanda."

"Sabatino zai kira, har da motar asibiti. Amma kafin su hawo dutsen nan daga kwari an jima. Mu ne kusa. Ke kika kwance, ke za ki shiga gaba. Ɗauki kujera na ce."

* * *

Zia ba ta yi wa kowa bayani ba. Ƙofa-ƙofa take bi tana bugawa da sanda, in an leƙo sai ta ɗaga hankicin Clorinda ta ce, "Giovina."

Suna ɗaya tak.

Velia ba ta taɓa ganin abu irin wannan ba. Mai shagon burodi ta fito da gari a hannunta. Matar mai kantin magani ta fito da silifas ɗin wanka. Wata tsohuwa da Velia ta zaci ta daɗe da mutuwa ta fito jikarta na riƙe da ita. Ba wadda ta ce me ya faru. Kowacce ta koma ciki ta fito da kujera. Wani magidanci ya leƙo ta taga yana tambayar ina za a da rana tsaka haka, matarsa ta ce masa gaisuwa, ya koma ya kwanta.

Suka bi ta dandali. Velia ta kasa ɗaga ido ta kalli Mai Jira.

Suka kama hawan matakalar layin gidan, ba ka jin komai sai numfashin tsofaffi da ƙarar ƙafar kujera in ta bugi dutse.

Suna shan kwanar ƙarshe Clorinda ta tsaya.

"Kina ji?"

Velia tana ji.

Kiɗa ne. Daga gidansu yake fitowa, ta cikin rufaffun tagogi, an ƙure shi har ƙarshe.

Ta yar da kujerar ta kwasa da gudu. A bakin ƙofa wani abu ya fashe ƙarƙashin takalminta. Ta duba. Kofunan auren Mamma ne, an farfasa an sharo su waje an tara a gefe, tsaf-tsaf, irin sharar Papa.

Ta murɗa ƙofa, a kulle. Ta shiga duka da hannu biyu.

"Mamma! Mamma, ni ce, buɗe."

Kiɗan ya ɗauke.

Aka ji taku a hankali, ba gaggawa. Aka zare sakata. Ƙofar ta buɗe kaɗan, iya faɗin mutum ɗaya, kuma mutumin ya cika wurin.

Papa ne, da farar rigarsa ta Lahadi, gashinsa a taje.

"Ga 'yar albarka ta dawo," ya ce. "Kofinki ya huce."

"Ina Mamma?"

"Tana hutawa. Ciwon kai."

"Matsa in gan ta."

Bai matsa ba. Ya ɗaga ido ta saman kanta ya kalli layin, matan da suka cika matakala tun daga sama har ƙasa, kowacce da kujerarta. Ya nemo yayarsa a cikinsu.

"Erminia. Da wannan gwiwar kika hawo?"

Zia ba ta amsa ba. Ta ajiye kujerarta a gabansa ta zauna. Na bayanta ma suka fara ajiye nasu, ɗaya bayan ɗaya.

"An yi mini wannan sau ɗaya," ya ce, muryarsa a sanyaye kamar yana karatu a coci. "Ba za a yi mini sau biyu ba. Da ba don yarinyar nan ba ma da sai dai in gan ku a falona." Ya yi wa Velia murmushi. "Ke kika kawo mini har tebur. Na gode."

Ya ɗaga hannun dama ya dafa ƙofar.

Sai a lokacin ta ga hankicin. A hannunsa yake, ya naɗe gaɓoɓin yatsunsa da shi. Jan da ke jiki ya wuce na zare, kuma bai bushe ba.

"Mamma," Velia ta kira ta gefen kafaɗarsa. "Mamma, mun zo. Ga mu nan duka, mun zo."

Ta kasa kunne. Matan layin duka suka kasa kunne.

Daga cikin gidan ba wanda ya amsa.